Agogon ƙirga taku: me yake ƙirgawa da gaske, kuma kwana nawa batirinsa ke yi?

'Yan shekarun nan da wuya ka zauna a majalisa a Sabon Garin Minna bayan la'asar ba ka ga baƙar robar nan a tsintsiyar hannun mutum biyu ko uku ba. Da can sai ɗaliban jami'a da ma'aikatan banki. Yanzu har dillalin doya a Kasuwar Gwadabe da mai yadi a Kasuwar Kure sun ɗaura, kuma 'yan'uwanmu na Sabon Ibadan da Agege da Shagamu in sun zo gida da salla ita ce tsarabar da suke riƙo wa iyaye. Wasu don ado suka saya, wannan ba ruwanmu da su. Amma da yawa likita ne ya ce musu su riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini ko ciwon suga ko ƙiba, sai suka sayi agogon don ya zama shaida. Su ne wannan bayani ya fi shafa, domin shaidar da ba ka san halinta ba tana iya kai ka ta baro.

Tambaya biyu ce mai saye ke yi a shagunan Obasanjo Complex, ko a Computer Village ta Ikeja in a Legas yake: yana ƙirga daidai? Kwana nawa yake riƙe caji? Amsar mai shago kullum ɗaya ce, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, abin da ke jikin kwali yake karanta maka. Ga abin da kwalin bai faɗa ba.

Hannu yake ji, ba ƙafa ba

Babu abin da ke cikin agogon da ya san ƙafarka ta taɓa ƙasa. Abin da ke ciki wata 'yar na'ura ce mai jin motsi, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, irin wadda ke juya hoton wayarka idan ka kwantar da ita. Tana auna fizga ta fuska uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, sau gommai a kowace daƙiƙa. Idan mutum na tafiya, hannunsa na lilo kuma jikinsa na ɗan girgiza duk sanda diddige ya sauka, sai wannan ya ba da wani tsari mai maimaita kansa, kamar kiɗan da ba ya sauya zubi. Manhajar da ke cikin agogon aikinta ke nan: ta duba motsin, in ya yi kama da na tafiya ta ce taku ne, in bai yi ba ta watsar.

Wato hasashe ne. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma ba sa bayyana shi. Shi ya sa in ka ɗaura agogo biyu na kamfani daban-daban a hannu guda ka yini da su, da daddare ba za su ba ka lamba ɗaya ba. Ba wai ɗaya ya lalace ba ne.

Akwai kuma wata dabara da yawancinsu ke yi don gudun ƙirga banza: ba sa fara lissafi sai ka jera wasu taku ba tsayawa, sannan su dawo su zuba maka su gaba ɗaya. Idan ka yi taku huɗu ka tsaya, ka sake uku ka tsaya, zai iya share su duka. To ka dubi mai shagon da yininsa ke nan, daga kanta zuwa bakin ƙofa, daga ƙofa zuwa sito, ko matar da ke kai-kawo tsakanin madafa da tsakar gida. Sun sha zirga-zirga, agogo kuma ya ce ba su yi komai ba.

Inda yake yi maka gyara, da inda yake tauye ka

Nan ne maganar ta fi shafarmu, domin waɗanda suka tsara lissafin nan sun gwada shi ne a kan mutumin da ke tafiya hannu sake a kan shimfiɗaɗɗen titi ko injin motsa jiki. Rayuwarmu ba haka take ba.

Duk aikin da hannu ke kai da komowa a jere, agogo na iya ɗauka tafiya ce. Daka a turmi, tuƙin tuwo, wanki, shara, fifita, gugar kaya, saran nama a mahauta, jan guga a rijiya. Mai shayi da ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi tun asuba yana tara taku alhali yana tsaye wuri guda. Kai, har mai yawan wurga hannu in yana magana, irin mutanen nan da ba sa ba da labari sai sun zana shi a iska, yana samun rabonsa.

Babban mai ruɗin shi ne abin hawa. Babur da Keke Napep suna turo girgizar hanya kai tsaye ta kan sitiyari zuwa tsintsiyar hannu, kuma gargada in ta jeru tana kama da taku. Wani maƙwabcina mai tuƙa Napep daga Mobil zuwa Chanchaga, wanda aka ce masa jininsa ya hau, ya taɓa nuna mini agogonsa cike da murna wai ya haura dubu goma tun kafin magariba. Na tambaye shi ina da ina ya taka a ƙasa yau. Ya yi shiru, ya lissafa: masallaci sau uku, wurin mai abinci sau ɗaya. Sauran duk ramukan titi ne suka taka masa. Abin dariya ne, amma mutumin ya kusa wata biyu yana ganin ya cika umarnin likita. Direban da ke bin hanyar Suleja ko ta Bida, shi ma ya sa wannan a ransa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, duk tafiyar da hannu ba ya lilo a cikinta ana tauye ta. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura, mai tura baro a kasuwa, wanda ya ɗora kaya a ka ya dafe da hannun da agogon yake, mai riƙe da waya a kunne, mai hannu a aljihu, uwa da ta rungumo jariri ko ta riƙe hannun yaro. Waɗannan sun fi kowa wahala, agogo kuma ya fi cin haƙƙinsu.

Sai tafiyar sannu. In gudun mutum ya yi ƙasa da kamar kilomita 3 a awa, motsin ya yi laushi har na'urar ta kasa bambance shi da tsayuwa, kuma wannan abu ne da gwaje-gwaje da dama suka tabbatar. Abin takaicin shi ne waɗanda ke tafiya haka su ne tsofaffi, da mai dogara sanda, da wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, wato mutanen da ƙirgar ta fi yi wa amfani. Idan ka saya wa Baba ko Inna agogo ka ga lambar ba ta motsi, kada ka yi musu faɗa cewa ba sa fita. Ka fara bin su da ido tukuna.

Abin da aka auna

A shekarar 2015 wasu masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun ɗora mutane a kan injin tafiya, suka sa su yin taku 500 da kuma 1,500 ana ƙirgawa da ido, ɗauke da wayoyi da na'urori iri-iri. Manhajojin waya ba su kauce da fiye da kashi 7 cikin 100 ba. Na ɗaurawa a kwankwaso su suka fi kowa dacewa. Na hannu kuwa sun bambanta ƙwarai, har akwai wanda ya rage wajen kashi 22 cikin 100, wato a duk taku biyar ya cinye fiye da ɗaya. Na'urorin yanzu sun fi na wancan lokacin, amma tsarin bai sauya ba: kwankwaso da aljihu sun fi kusa da inda tafiya take.

A wannan shekarar kuma Catrine Tudor-Locke da abokan aikinta suka gwada na'ura iri ɗaya a kwankwaso da a hannu. A kan injin tafiya, ta hannu ta ƙirga ƙasa da gaskiya. Da aka sallami mutanen suka koma harkokinsu na yau da kullum, sai ta hannun ta zarce ta kwankwaso da dubban taku a yini. Ka ga dai abin da muka faɗa ne: a tafiya yana ragi, a aikin hannu yana ƙari. Wani lokaci ragin da ƙarin su cinye juna lambar ta fito kamar daidai, amma sa'a ce.

Su kansu masu ƙera kayan ba su yi alƙawarin daidai-wa-daida ba. Ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin lantarki ta Amurka ta fitar a 2016 ta amince da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan agogo mai kyau in ya ce 8,000, gaskiyar na iya zama 7,200 ko 8,800 kuma bai saɓa ƙa'ida ba.

Nisan da yake nunawa da kilomita hasashe ne a kan hasashe, sai in yana da GPS kuma an kunna. Yana ɗaukar tsawon da ka rubuta masa a manhaja ya ƙiyasta faɗin takunka, kusan kashi 41 cikin 100 na tsayinka. Mai tsayin santimita 170 takunsa kamar santimita 70 ke nan, taku 10,000 kuma kilomita 7. In ba ka gyara tsayi da nauyi da shekaru a manhajar ba, da na wani yake yi maka lissafi.

Lambar kuzarin da aka ƙona kuwa, wadda suke kira kalori, ita ce mafi rauni a duk fuskar agogon. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada na'urori bakwai a kan mutum 60. A bugun zuciya, shida daga ciki sun yi kuskuren ƙasa da kashi 5 cikin 100, abin yabo. A kalori, mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Don haka mai ciwon suga kada ya dubi wannan lamba ya ce ya biya kuɗin ƙarin malmala.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ba ya buƙatar komai. Ɗaura agogon ya zauna daram, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, kada ya yi ta yawo. Duba lambar da ke kai, ka riƙe. Yi taku 200 a miƙe da irin tafiyarka ta kullum, kana ƙirgawa a zuci ko da carbi a ɗaya hannun. Tsaya, ka ba shi 'yan daƙiƙoƙi ya gama zuba lissafi, ka duba. Tsakanin 190 da 210, agogonka lafiya lau. Ƙasa da 180 ko sama da 220, akwai magana. Maimaita da tafiyar sannu, sannan da leda a hannu, ka ga inda yake gazawa.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai sana'a: duba lambar kafin ka fara aikinka da bayan awa guda. Tela a kan keke, direba a sitiyari, mai tuwo a gaban tukunya. Duk abin da ya ƙaru alhali ba ka tashi ba, wannan shi ne ƙarin da agogonka ke yi maka, sai ka riƙa cire shi a lissafi. Ɗaura shi a hannun da ba ka cika aiki da shi ba, ga yawancinmu hagu ke nan, yana rage wannan matsala sosai, kuma wasu manhajoji suna tambayar wane hannu ne, ka ba su amsar gaskiya. Masu ɗaura agogo a dama saboda tsarki, sai su san lambarsu za ta ɗan kumbura. Mai tura kura ko baro kuma, ya cire ya jefa a aljihun wando, zai fi samun haƙƙinsa.

A ganina amfanin abin ba a lambar yau yake ba. Kuskuren agogo guda a hannun mutum guda mai aiki iri guda kusan ɗaya ne kullum. Saboda haka in makon jiya kana samun dubu huɗu, wannan makon kana samun dubu shida, ƙarin na gaske ne ko da lambobin biyu ba daidai suke ba. Gasar da ake yi a zaurukan WhatsApp, wane ya fi wane taku, tsakanin mai Oraimo da mai Huawei da mai wanda ba shi da suna, wannan dai nishaɗi ne kawai.

Wa ya ce sai dubu goma?

Ba likita ba ne. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana mai auna taku dubu goma. Sunan talla ne, ya yi daɗin faɗa, ya bi duniya. Bincike daga baya ya zo.

A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 16,000 masu kimanin shekara 72. Waɗanda ke yin taku wajen 4,400 a yini, mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa sosai da na masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. A 2022 wani nazari da ya haɗa bincike 15 na mutum kusan 47,000 ya nuna cewa ga wanda ya kai 60, amfanin na cika tsakanin 6,000 da 8,000. Ga wanda bai kai ba, tsakanin 8,000 da 10,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ba ta ma yi magana da taku ba, da minti ta yi: 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Matsakaici a tafiya shi ne kamar taku 100 a minti, inda numfashi zai ɗan hau amma kana iya magana. Minti talatin na irin wannan, kwana biyar a mako, ka cika. Wannan ko agogon bango zai auna maka.

Batir: lambar kwali da ta gaske

Batirin wayar Tecno ko Infinix ta yanzu yawanci 5,000 mAh ne. Na siririn agogon roba yana wajen 200, na masu faɗin fuska 300 ko sama kaɗan. Yadda ɗan wannan abu ke kai mako biyu shi ne na'urar jin motsi kusan ba ta shan komai. Mi Band na farko da Xiaomi ya fitar a 2014 ba shi da sikirin ko kaɗan, batirinsa 41 mAh, kuma an tallata shi da kwana 30. Ke nan ƙirga taku ba shi ke cin wuta ba. Sauran kayan da aka ɗora ne.

Na farko sikirin. Duk ɗaga hannun da za ka yi ya haska, ya ci. In ka sa shi ya zauna a kunne kullum, ka raba kwanakin biyu ko uku: Xiaomi da kansa ya ce Smart Band 8 na yin kwana 16 a amfani na yau da kullum, amma kwana 6 in fuskar ba ta mutuwa. A ranar Minna kuma ba ka ganin komai sai ka ƙure hasken, wannan ma wani cin ne da ba a lissafa a kwali ba.

Na biyu koren hasken da ke walƙiya a bayan agogon. Shi ke auna bugun zuciya: yana haska fata, ya duba yadda jini ke shanye hasken duk sanda zuciya ta harba. Auna kowane minti ɗaya da auna kowane minti talatin, bambancinsu kwanaki ne. Aunin iskar jini cikin dare da na gajiya da na numfashin barci duk a kan wannan na'urar haske ta bayan agogon suke hawa.

Na uku, wanda na ga ya fi kashe batir a wurinmu, saƙonni. Mutum yana cikin zauren unguwa, na masallaci, na ƙungiyar 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, na dangin uwa da na uba, kowane saƙo ya shigo agogo ya girgiza ya haska. Ɗaruruwa a yini. Shiga manhaja ka bar masa kira kaɗai, ka ga yadda kwanaki za su dawo. Amsa kira ta cikin agogon shi ma yana zuƙe shi da sauri, haka GPS: agogon da ke mako biyu, in ka kunna masa GPS ba tsayawa lissafinsa ya koma na awoyi.

Shi ya sa kalmar da za ka nema a kwali ita ce "har zuwa". Har zuwa kwana goma sha huɗu na nufin an rage haske, an taƙaita saƙo, an tsawaita tazarar auna zuciya. Ni dai in na ga lamba a kwali, rabinta nake sa rai, in ta wuce haka riba ce. Manyan agogo irin su Apple Watch kuwa wani jinsi ne daban, ƙaramar waya ce a hannu. Tun fitowarsa a 2015 awa 18 kamfanin ya yi ta faɗa shekara da shekaru, wato caji kullum. A jihar da ke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru amma unguwa ke iya kwana biyu ba ta ga wuta ba, wannan abin dubawa ne kafin ka zuba kuɗi. Agogon da ya mutu da azahar, duk tsadarsa, sifiri ya ƙirga daga nan zuwa dare, kuma ya ɓata maka lissafin mako. Mai arha da ke kuskuren kashi goma amma yana raye kullum ya fi shi amfani a wannan aiki.

Zafi, gumi, alwala, caja

Batirin lithium ba ya shiri da zafi. Apple ya rubuta cewa agogonsa ya fi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran ma kusan haka ne, mu kuma a watan Maris da Afrilu Minna na haura wannan a inuwa ma. A hannunka ba matsala sosai. Matsalar ita ce barinsa a gaban mota, ko yi masa caji a kan taga rana na dukansa, ko kusa da janareta. Zafin da ya ci batir ba ya dawowa. Ko ba zafi, batir na raguwa da yawan caji, bayan shekara biyu ko uku za ka ga bambanci, kuma yawancin ƙananan nan a manne suke da gam, ba a yi su don a canza musu batir ba. In an buɗe ma, kariyar ruwan ta tafi. Wannan ne dalilin da ya sa na gwanjo ke da haɗari: jikinsa fes, batirinsa tsoho. Haka sabon da ya daɗe a sito har ya mutu murus. In mai shago ya danna bai kawo ba, ka nemi wani. In kai ma za ka ajiye naka na tsawon lokaci, bar shi da rabin caji.

Wajen caji, kan caja na yau da kullum mai bolt 5 ya isa, ba ya buƙatar mai saurin nan. Mai amfani da fawa banki ya lura da wani abu: agogo na jan wuta kaɗan ƙwarai, har wasu fawa bankin su ɗauka ba a jona komai ba su kashe kansu bayan ɗan lokaci. Ka kwana kana zaton yana caji, da safe ka tarar da shi yadda ka bar shi. Da yawa suna da tsarin ƙananan na'urori, galibi ta danna maɓallin sau biyu ko riƙe shi, duba takardar naka. Igiyar cajin mai maganaɗisu kuma kowane samfuri da irin tasa, in ta ɓata samun wata aiki ne. Ka tambayi mai shago ko yana sayar da ita daban tun kafin ka biya, kuma ka yi tunani kafin ka bar ta a shagon caji cikin tarin igiyoyi.

Yawancin agogon da ake cewa ya daina caji, ƙazanta ce kawai. Gumi da ƙurar hunturu suna taruwa a kan 'yan ƙarafan nan biyu na baya su yi tsatsa. Goge su da busasshen ƙyalle ko tsohon buroshin haƙori, kuma kada ka jona shi yana jiƙe.

Batun ruwa, IP67 na nufin ya jure mita ɗaya na minti 30 a ruwa mai tsabta da ba ya motsi. IP68 ya ɗara haka. Mai 5 ATM shi ne aka yarda a yi iyo da shi. Feshin alwala ba zai yi wa ɗayansu komai ba in na gaske ne, amma ruwan zafi da sabulu da omo suna cinye robar da ta toshe shi a hankali. Tunda dai sai ruwa ya game hannu har gwiwar hannu, yawancin mutane cirewa suke yi ko su matsar, kuma hakan ya fi wa fatar ma, domin danshin da ya kwanta a ƙarƙashin roba shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje a lokacin zafi.

Hawan jini da suga: nan a yi hattara

Wannan ya wuce maganar taku, amma ba zan tsallake shi ba tunda shi ake fi tallata wa dattawa. Akwai agogo masu arha, marasa sunan kamfani, da ke nuna awon hawan jini har da na suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi mutane kada su dogara da su. Na hawan jini kuwa, waɗanda ake ɗauka da muhimmanci ko dai suna da 'yar jakar iska a cikin madaurin da ke matse hannu, kamar Omron HeartGuide da Huawei Watch D, ko kuma sai an riƙa daidaita su da na'urar asibiti duk mako huɗu, kamar na Samsung. Wanda ba ya cikin waɗannan, kuma kullum yana ba ka lamba mai daɗi kusa da 120 bisa 80, ba awo yake yi ba. Kada wani ya ajiye maganinsa saboda shi.

Ko bugun zuciyar ma ka gwada. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, ka kwatanta da abin da ya nuna. Sannan ka yi sauri na minti biyu ko ka hau bene ka sake dubawa. Na gaske zai hau tare da kai. Na jabu zai ci gaba da yawo tsakanin saba'in da tamanin ko kana haki. Baƙar fata tana shanye koren haske fiye da fara, kuma sakakken madauri na barin hasken rana ya shiga, don haka a matse shi daidai kafin a yanke masa hukunci.

Wanda kuma taku kaɗai yake son sani, kuma wayarsa ba ta rabuwa da aljihunsa, ya gwada ta tukuna kafin ya sayi komai. Yawancin wayoyin zamani na da wannan na'urar jin motsin, manhajojin ƙirga kyauta ne, kuma ƙirgar ba ta buƙatar data. Sai dai wasu wayoyin Android na kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, dole ka shiga saiti ka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa. Aljihun wando ya fi na babbar riga, don wancan lilo yake yi da kansa. Mata da wayarsu ke yini a jaka ko a kan firji, su ne agogon hannun ya fi yi wa rana, muddin sun cire shi lokacin daka da wanki.